Hannun Verna

Shafi na 19

Ku da kuka hana ni kurɓar shayi tun da sassafe da "ina shafi, ina shafi", to ga shi. Masu cewa Leonise ta cika riƙo kuma, ku kai ƙarshe tukuna, sannan ku zo mu zauna.

*

Ƙa'ida biyu ke riƙe da rumfar jagorori a gindin dutsen Babban Piton. Wanda layi ya faɗo kansa shi zai ɗauki baƙon da ke gaba, ko da baƙon ne ya sace masa akuya. In kuwa ka hau dutse da mutum, ba ka saukowa sai da shi.

Shekara goma sha tara Leonise tana cin abinci da ƙa'idodin nan, ba su taɓa tsaya mata a maƙogwaro ba sai safiyar wannan Laraba.

Tana sunkuye tana ɗaure igiyar takalmi Misye Ignas, shugaban jagorori, ya ce, "Leonise, naki ne."

Sabon takalmi fari fat ta fara gani. Sai riga mai dogon hannu, a wannan zafin. Sai fuskar.

Verna ce. Ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta ajiye mata jaririya 'yar wata takwas ta hau jirgin Landan da sunan shekara ɗaya kacal, yau ga shekara ashirin da ɗaya. Kwananta tara da dawowa, kwana tara Leonise tana rufe mata ƙofa a fuska.

"Misye Ignas, a ba Cuthbert."

"Cuthbert ya tashi da Jamusawa tun shida da rabi."

"To ta jira shi ya sauko."

Tsohon ya zare tabarau ya dube ta. "Ni na kafa ƙa'idar? Ubanki ya kafa ta, ranar da muka yi gayyar sare hanyar nan. Je ki maƙabarta ki kai masa ƙara."

Leonise ta waiga tagar rumfa. Merlisa na zaune a wurin aikinta, littafin layi a gabanta, oba-oba, rediyon kiran jagorori, a gefen hannunta. Jaririyar nan ke nan, ta zama budurwa. Kullum sai ta ɗago ta ce, "A sauko lafiya, Nenen." Haka take kiranta tun tana koyon magana, don Leonise ce ta riƙe ta a coci ranar baftisma. Yau kanta na cikin littafi kamar an manna shi da ƙaro.

Leonise ta rataya oba-obarta a ƙugu, ta zari sanda ta jefa wa Verna a gaban takalmi.

"Gora biyu na ruwa. Ina gaba, kina baya. Ba a biya ni kuɗin hira ba."

"Sese…" Verna ta ce, sunan da take kiran yayarta da shi tun suna yara.

"A kan dutse ba ni da ƙanwa. Baƙuwa gare ni."

Suka shiga hanya, suka bar gonakin koko a baya. Damina ce, baƙi sun yi ƙaranci, ba kowa a hanyar sai su da kukan tsuntsaye.

Jagora ba ya buƙatar waiwaye. Kunne yake bari a baya. Daga numfashin mutum Leonise kan san wanda zai kai ƙololuwa, da wanda zai zauna a bencin rabin hanya ya ce hoto ya tsaya ɗauka. Tun kafin su kai alamar kwatan hanya, numfashin da ke bin ta ya fara damun ta. Ta ce a ranta, sanyin Landan ne da zaman kujera, ina ruwana.

"Durom ashirin da ɗaya cike da kaya na aiko," Verna ta ce daga baya, tana haki. "Ko shekara ɗaya ban tsallake ba. Shinkafa, mai, sabulu, kayan makaranta. Mutane na magana kamar a bola na jefar da ita."

"Durom ba ya goyo, Verna."

"Ni ma ba kwance nake a can ba. Kashin tsofaffin Turawa na yi ta kwasa."

"Ni kuma na 'yarki." Leonise ta taka wani dutse ta haye. "Kin tuna takarda? Kowane watan Yuni in ɗora ƙafarta a kan takarda, in zana, in kai gidan waya a garin Sufuriye. Kafin durom ya iso a Kirsimeti ƙafa ta wuce zanen. Ta tura ƙafa a dole tana kuka, wai takalmin Mamanta ne, ba za ta cire ba. Ni ke fasa mata bororon da allura."

Leonise ta haye wata saiwa, ta ci gaba.

"Ranar jana'izar Mama ma durom kika aiko. Da yana da kafaɗa da mun sa shi ya kama akwatin."

"Takarduna ba su fito ba a lokacin! In na fita ba zan koma ba, kin sani!"

"Zumunci a ƙafa yake. Ba a taɓa ce min a jirgin ruwa yake ba."

Tafiyar da Leonise kan yi a minti hamsin, sai da suka ci awa ɗaya da rabi kafin su ga bencin rabi. Verna ta zube a kai. Dutsen Ƙaramin Piton na tsaye a gabansu ƙiri-ƙiri, teku a ƙarƙashinsa, wurin da baƙi kan yi ta ihu suna ɗaga waya. Ko kallo bai ishe ta ba.

Leonise ta lura da abu biyu. Idon sawun Verna ya kumbura ya haye bakin sabon takalmin. Gorar ruwan kuma, leɓe kawai ta jiƙa da ita ta rufe.

"Nan kika tsaya. Huta mu juya."

"Kuɗin ƙololuwa na biya."

"Jagora ke yanke hukunci a bencin rabi. Daga nan hanya ta daina wasa, duwatsu ne da saiwoyi. Ba za ki kai ba."

"In mun sauka za ki buɗe min ƙofa mu yi magana?"

"A'a."

Verna ta dogara sanda ta miƙe. Ta wuce ta gaban yayarta ta kama hanyar sama, tana tangaɗi kamar wadda ta kwana a shagon giya.

Kun ga mugunta? Ta san ƙa'ida sarai, 'yar gidan ce. Leonise ta yi tsaki mai tsawo, ta bi ta, ta sha gabanta.

"To faɗi abin da ya kawo ki. Ai na riga na sani. Na ga tikitin a ƙarƙashin katifar Merlisa, Asabar jirginku zai tashi. Makarantar koyon jinya, ko ba haka kuka shirya faɗa min ba?"

"Haka ne."

"Shekara ashirin da ɗaya babu makaranta a Landan, sai bana aka gina? Verna, in ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Me kike shinshina a jikin yarinyar nan?"

"'Yata ce fa."

"Ke kika haife ta. Wannan kam ban taɓa musu ba."

Leonise ta faɗe shi a tsaye. Saboda yarinyar nan ta bar Hilarion ya tafi tsibirin Matinik shi kaɗai, mutumin da ya ce zai aure ta amma ba zai ɗauki 'yar wani ba. Saboda ita ta fara hawan dutse sau biyu a yini lokacin da duk rumfar babu mace. Ga shi rana ɗaya mai takalmi fari ta sauko daga jirgi, yarinya ta koma yi mata ɓoye-ɓoye a cikin gidanta. Abin ya ci mata rai, ya kuma ba ta tsoro.

Suka iso inda wani dutse ya tare hanya, tsayinsa ya kai ƙirji, ruwan jiya ya sa shi santsi. Leonise ta haye ta juyo ta miƙa hannu.

Jagora ba ya kama tafin hannun baƙo, gumi zai sa ya zame. Tsintsiyar hannu ake damƙa, shi ma ya damƙi taka. Tun daga ƙasa Verna hannun dama take miƙowa. Wannan karon damanta na riƙe da saiwa, ƙafarta ta goce, Leonise ta cafki na hagu.

"Ba wannan ba! Sake! Ba wannan ba!"

Ba ta sake ba sai da ta ɗago ta ta dire a kan dutsen. Ko bayan nan ma ba ta sake ba.

Wani abu ne ke zuuu a ƙarƙashin yatsunta, kamar an kulle ƙudan zuma a cikin fata.

Ta san shi. Ko a mafarki ta san shi. Shekara huɗu tana ɗaukar Mama a motar haya zuwa asibiti, Litinin, Laraba, Juma'a, kuma kowace safiya sai ta ɗora yatsa a hannun tsohuwar ta ji ko jijiyar da likitoci suka haɗa tana nan tana zuuu.

Ta ture hannun rigar sama. Ga jijiyar ta kumbura ta murɗe, ga tabon allura jere.

"Tun yaushe ake miki wankin ƙoda?"

Verna ta kau da kai. "Shekara uku."

"Suga?"

"Irin na Mama."

"Yau Laraba."

"Na ce musu sai da yamma zan zo."

"Kin tsallake wanki kin hau Piton? Ke mahaukaciya ce?"

"Yau ce kaɗai ranar da zan same ki."

Tsohon mangwaron alamar kwata uku na nan gaba kaɗan, inda ake da wurin zama. Leonise ta rataya ta a kafaɗa ta ja ta har can, ta jingina ta da saiwarsa. Ba tausayi ba ne, aiki ne. Tana dire ta ta ja da baya, don lissafin ya riga ya fara haɗuwa a kanta, kuma ba ta son inda ya nufa.

"Makarantar jinya," ta ce a hankali.

"Sese, saurare ni…"

"Ki dube ni ki ce makaranta ce."

Verna ta janyo hannun riga ta rufe jijiyar.

"Yesu." Leonise ta dafe kai. "Ƙodarta. Ƙodar yarinyar kika zo ɗauka."

"Ita ta ce za ta bayar! Ban roƙe ta ba! A waya ta ga hannuna ta tsare ni da tambaya. Ta je asibitin birnin Kastiri da ƙafarta aka ɗebi jininta, tun watan Maris. Jininmu ya zo ɗaya."

Watan Maris. Ranar da Merlisa ta ce za ta je gyaran waya, Leonise har ta ƙunsa mata dafaffiyar ɗanyar ayaba da kifin gishiri ta ci a mota.

"Kuma da ta ce za ta bayar, kika ce me?"

"Na yi kuka."

"Kika yi kuka, kika sayi tikiti."

"Ina so in rayu, Leonise! Laifi ne? Shekarata arba'in da uku!"

"Ita ashirin da ɗaya! Ciwon nan na gidanmu ne. Ya ci Mama, ya ci Tanti Rosali, ga shi yana cin ki. Ranar da ya ƙwanƙwasa ƙofar Merlisa ya tarar da ƙoda ɗaya, wa zai ba ta? Durom za ki aiko mata da ita?"

"Likitoci sun ce ana rayuwa da ɗaya…"

"Likitoci ba su goya ta ba."

Verna ta share fuska da hannun riga. Numfashinta yanzu har wani ƙurr yake yi daga ƙirji.

"Shi ya sa na hau dutsen nan," ta ce. "Ni ma ba na so a yanka ta. Na rantse da kabarin Mama ba na so. Akwai wata hanya."

"Faɗi."

"Likitan ya ce ta 'yar'uwa ta fi. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce in akwai mai lafiya, wadda ta wuce shekarun da ciwon kan nuna kansa…" Ta ɗago ido. "Sese, ke ko mura ba kya yi."

Leonise ta tsaya tana kallon ta. Sai dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ba ta da daɗin ji, har tsuntsaye suka tashi daga kan mangwaron.

"Ashe kasuwa kika zo. Kin taya ta yarinya, kika ga ta tsohuwar akuya ta fi ƙwari."

"Ba haka ba ne."

"Haka ne mana. Ko in kwanta a yanka ni, ko in tsaya ina kallo a yanka ta. Kin ɗora min wuƙa a wuya da hannun 'yar da na raina. Kai, Verna! Ko Shaiɗan sai ya zo ya ɗauki darasi."

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mama ta sha faɗa."

"Kar ki sa Mama a bakinki. Da tana kiran sunanki a gadon asibiti, ni na ce mata jirginki na hanya. Kwana uku ina mata ƙarya har ta cika." Ta nuna Verna da yatsa. "Kin ci ƙuruciyata. Kin ci aurena. Gwiwoyin nan a dutsen nan na ƙarar da su don in ciyar da abin da kika haifa. Abin da ya rage min naman jikina ne, shi ma kin biyo sahu."

"To in mutu ke nan?"

"Ban ce ba."

"Faɗi mana! Ki ce Verna ki mutu!"

"Abin da na ce shi ne, Merlisa ba za ta hau jirgin nan ba. In ta kama in ƙona fasfonta, zan ƙona."

"Ba yarinya ba ce. Ta sa hannu a takardu. Ta ce in ke kin ƙi, ita za ta yi, kuma babu mai hana ta." Verna ta yi tari. "Ta ce ke kika koya mata ba a barin mutum a hanya."

Wannan ita ta shige ta har ƙashi. Leonise ta juya baya, ta yi taku biyar zuwa bakin hanya, ta tsaya tana kallon ganye don kada ƙanwarta ta ga idonta. Tarbiyyarta aka ɗauko aka zane ta da ita. Da ta san haka ne da ta rene ta da son kai kamar uwarta.

"Tashi mu sauka," ta ce ba tare da ta waiga ba. "Sauran maganar a ƙasa."

Ba amsa.

"Na ce tashi."

Sandar ce ta fara faɗuwa, ta gangara ta bugi dutse.

Kunnen da ta bari a baya ya gaya mata kafin ido ya gani. Numfashin ya canza. Ya koma gajere, jiƙaƙƙe, kamar ana hura iska a cikin ruwa da tsinken gwanda.

Verna ta zame daga jikin saiwa ta kwanta a gefe. Leɓenta ya yi toka-toka, kumfa na taruwa a gefen bakinta.

Jikin Leonise ya yi aikinsa da kansa. Ta ɗago ta zaune, ta jingina ta da ƙirjinta, ta ɓalle mata maɓallin wuya. Ruwa ne ya hau huhu, ta gani a wurin Mama sau biyu. Cuthbert da Jamusawansa suna can ƙololuwa, ba za su biyo nan ba sai bayan awa guda. Maza huɗu da gadon ɗaukar mara lafiya, in sun taso daga rumfa yanzu-yanzu da gudu, awa ɗaya da kwata. In an kira yanzu, wataƙila. In an jinkirta kaɗan, babu wataƙila.

Ta zaro oba-oba. Ta ɗora babban yatsa a kan maɓalli.

Sai yatsan ya tsaya.

Allah ya gani, ba ita ta kira tunanin ba, da kansa ya zo ya zauna. Babu kowa a nan. Ba wanda zai ce ta yi wani abu, don ba abin da za ta yi. Baƙuwa ta ɓoye ciwonta, ta ƙi juyawa a bencin rabi, Misye Ignas da kansa zai shaide ta. Asabar za ta zo ta wuce, jirgi ya tashi da kujera biyu babu kowa. Merlisa za ta yi kuka wata ɗaya, wata biyu, sannan ta rayu da ƙodarta biyu cif, ta yi aure, ta haihu, ta tsufa.

Kan Verna na kan kafaɗarta. Gashinta na ƙanshin man kwakwa, irin wanda Mama ke shafa musu ranar Lahadi.

Minti ɗaya ya wuce. Leonise tana jin kowane numfashi, tana ƙirgawa, yatsanta na nan inda yake.

Na biyu ya kama hanya.

Oba-obar ta yi ƙara a hannunta, har ta kusa yar da ita.

"Rumfa ce ke kira. Nenen? Nenen, kina ji na?"

Muryar Merlisa ce, ƙasa-ƙasa, kamar ta juya wa Misye Ignas baya.

"Nenen, na san kina fushi da ni. Ni na juya layin yau. Cuthbert ne ya kamata ya ɗauke ta, na tura shi da Jamusawa." Ta ja numfashi. "Ba ta da lafiya, Nenen. Duk rumfar nan ke kaɗai na yarda in danƙa wa ita, don na san ko duniya za ta tashi ba za ki sauko ki bar ta ba."

Leonise ta dubi fuskar da ke kan kafaɗarta. Ta dubi yatsanta.

"Nenen? Kin yi shiru. Yaya Mamata?"